WASIƘAR ANKA: Samaru, Garin Da Makaranta Ta Haifa

Zuwa ga Edita,

Na ga takardar da wani ɗan'uwa ya aiko daga Gummi, wadda ka buga makon jiya ƙarƙashin tawa. Ya ce babu abin da ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum ke bukata yau kamar a gina musu babbar kwaleji, ko ma jami'a, kuma wai ran da aka yi haka, ran nan garuruwanmu za su zama kamar Zariya. Na yi murna da wannan takarda ƙwarai, don mutum ba ya roƙa wa gari makaranta sai yana ƙaunarsa. Amma da ya ke Allah ya nufe ni da zuwa irin garin da ya ke mana kwaɗayi har sau uku, na ga ya kamata in kwatanta wa jama'a yadda ya ke, da daɗinsa da ɗacinsa, don in za mu yi roƙo mu san abin da mu ke roƙa.

Garin da na ke nufi shi ne Samaru ta ƙasar Zazzau. Kada a rikita ta da unguwar Samaru ta Gusau, ko Samarun Kataf ta can kudu. Wanda ya tashi daga nan Anka, ya fita ta Mayanci ya hau babbar hanya, ya wuce Gusau da Tsafe da Funtuwa da Giwa, to, bayan Shika kaɗan sai ya ga hanya ta cika da 'yan acaɓa da samari da 'yan mata, kowa da littafi a hammata. Ya iso Samaru ke nan, saura wajen mil tara ya shiga birnin Zariya. Mu mutanen Zamfara ta nan mu ke shiga Zazzau, amma yawancinmu ta tagar mota kaɗai mu ka san ta.

Ita wannan hanya ta raba wurin biyu, kamar yadda a ke fafe ƙwarya. A hannunka na dama, in ka fito daga Funtuwa, ga shingen Jami'ar Ahmadu Bello, ciki ga itatuwa manya manya da tituna shararru da benaye. A hannun hagu kuwa ga gari, gidaje a matse, da kasuwa, da rumfunan masu abinci, da shagunan masu buga takardu jere da juna har ba su ƙidayuwa. Bayan gari ga layin dogo, shi ne wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ko da ya ke yanzu da wuya ka ji kukan jirgi a kansa. Unguwar da ke ƙetarensa ita a ke kira Hayin Dogo. Ta wajen jami'a kuma rafin Kubanni ya ratsa, an datse shi an yi tabki, sa'an nan ya gangara ya bi ta Zariya ya faɗa Galma. Wurin tudu ne, ya ɗara ƙafa dubu biyu bisa teku, shi ya sa sanyin hunturunsa ba ya wasa. Ruwan da a kan samu a shekara ya kan kai inci arba'in ko fiye, damunarsu kuwa ta kan riga tamu sauka. In gari ya yi garau, mutum na iya hango dutsen Kufena daga nesa.

To, abin da na fi so ɗan'uwanmu na Gummi ya lura da shi shi ne yadda aka fara. Ba da bene aka fara ba, da gona aka fara. A 1922 ma'aikatan gona na Gwamnati su ka kafa gonar gwaji a Samaru, don su bincika irin auduga da gyaɗa da dawa da ya fi dacewa da ƙasar Arewa, da kuma takin da ƙasar ke so. A 1928 aka buɗe gonar kiwon shanu a Shika. Aka yi makarantar aikin gona, inda aka horar da malaman gona da su ka bazu cikin larduna suna koya wa mutane huɗa da garmar shanu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo babbar kwalejin fasaha da kimiyya aka ajiye nan kusa. Yawancin waɗannan su aka tattara, tare da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, ran 4 ga Oktoba 1962, aka ce ga jami'a. Ɗalibanta na farko 426 ne kacal. Shugabanta na farko Bature ne mutumin Niyu Zilan, Norman Alexander, sa'an nan a 1966 Likita Ishaya Audu, ɗan ƙasar Zazzau, ya karɓa. Jama'a ku lissafa da kanku: daga gonar gwaji zuwa jami'a shekara arba'in ke nan cif. Yaron da aka haifa shekarar da aka share gonar, da furfurarsa ya ga an buɗe ƙofar jami'ar.

Har gobe kuwa gonar nan ba ta mutu ba. Irin masara da gyaɗa da wake da dawa da a ke kawo mana cikin 'yan buhuna, waɗanda sunayensu ke farawa da "Sam", watau Sammaz da Samnut da Sampea da Samsorg, duk sunan Samaru ne aka gutsuro aka liƙa musu. Sau da yawa manomi a Bukkuyum ya kan shuka Samaru a gonarsa, ya girbe, ya ci, bai san sunan gari ya ke ci ba.

Kafin in zo kan yawan mutane, bari in ɗan ratse zuwa Amurka, don can ne irin waɗannan garuruwa su ka fi yawa, kuma akwai zumunci tsakaninsu da Samaru. A jihar Kansas akwai wani gari wai shi Manhatan, ba wanda ke cikin birnin Niyu Yok ba, wannan na tsakiyar ƙasar noma ne. A 1863 aka yi kwalejin aikin gona a cikinsa, ta girma ta zama jami'a, kuma malamanta ne su ka zo Samaru a shekarun 1960 su ka taimaka wajen kafa sashen aikin gona da na likitancin dabbobi. Ƙidayar 2020 ta sami mutum wajen dubu 54 a garin, ɗalibai kuwa wajen dubu ashirin. Akwai wani ƙarami ma a jihar Ohayo, sunansa Obalin, wanda gari da kwaleji shekara ɗaya aka kafa su, 1833. Mutanensa ba su kai dubu tara ba, ɗalibai kuwa sun kusa dubu uku, watau kusan duk mutum uku da ka gamu da su a titi ɗaya ɗalibi ne. Su can shekara goma goma su ke ƙidaya tun 1790, kuma ɗalibi inda ya ke kwana lokacin karatu nan a ke ƙidaya shi, ba gidan ubansa ba. Saboda haka hukumar gari ta san bakin da za ta shayar da ruwa, da yawan gadajen da asibiti ke bukata.

Mu nan kuwa tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, yaran da aka haifa a shekarar yau waɗansunsu da 'ya'yansu. A ƙidayar nan, ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke ciki, ta tashi da mutum wajen dubu 290. Tamu ta Anka ta ɗara dubu 140 kaɗan, Gummi da Bukkuyum kuwa kowacce ta haura dubu 200. Ƙasar Anka ta ninka ta Sabon Gari wajen sau goma a faɗi, amma mutanensu sun ninka namu biyu. Ba kuwa haihuwa kaɗai ta tara su ba. Ban da jami'a, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga ma'aikatar binciken fatu da ƙiraga, ga asibitin koyarwa a Shika, kowane da ma'aikatansa da iyalinsu da masu sayar musu da abinci. Ɗaliban nan 426 yau sun zama dubbai, sun wuce dubu talatin nesa ba kusa ba. Ɗakunan kwana na cikin jami'a, irin su Amina da Ribadu da Sulaiman da Ɗanfodiyo, ba su isa ɗaukarsu duka, sai sauran su ƙetara hanya su kama haya cikin gari. A layi guda sai ka ji Yarbanci da Ibo da Tibi da Nufanci da Barbarci, ga masallaci, can gaba ga coci, kowa na harkarsa.

Amma yawan mutanen Samaru kamar ruwan gulbinmu ya ke, yana da cika yana da janyewa. Ina da kawu a can, ya bar gida tun yana saurayi ya tafi aikin gadi, da ya tara ɗan abin hannu ya gina gida mai ɗaki goma na haya, ga matarsa tana tuwon sayarwa a ƙofar gida. Zuwana na farko, lokacin da na kai ɗan wana da ya sami shiga, ko wurin shimfiɗa tabarma ban samu ba sai a zaure, tukunya kuwa ba ta sauka daga murhu tun hantsi har bayan lisha. Na koma gida ina ta ba mutane labari, ina cewa lalle Kawu ya tako arziki.

Zuwana na biyu cikin damunar 2022 ne. A shekarar nan malaman jami'o'in Gwamnati na ƙasa duka su ka yi yajin aiki tun daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas ke nan. Na sauka mota na yi tsammanin ɓatan kai na yi. Shagunan buga takardu duk a garƙame, 'yan acaɓa sun jingine babura a gindin itace suna barci, masu shayi na korar ƙuda. Na shiga gidan Kawu, na tarad da ɗaki takwas da kwaɗo, ciyawa ta tsiro a tsakar gida inda dā a ke layin ɗiban ruwa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, lafiya kuwa na ga gari haka?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ku can in ruwa ya ɗauke ku ke cewa an yi fari. Mu nan damunarmu ɗalibai ne, bana kuwa an yi mana fari, ga shi ba mu da rumbu." Na tambaye shi gonar da na san yana nomawa a bayan gari. Ya ce ai tuni mai ita ya yanka ta fuloti fuloti ya sayar. Allah Sarki! Da zan komo, ni da na saba karɓo tsaraba daga gare shi, sai da na aika masa da buhun gero daga nan.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. A zuwana na uku na ɗauki kwana biyu ina yawo cikin unguwanni da ƙauyukan kewaye, don in ga ko 'ya'yan masu gari su ma suna ƙetara hanyar nan. Na ga waɗansu sun ƙetara, har aka nuna mini ɗan wani lebura da ya zama babban malami a ciki, ubansa na share ofis, shi yau yana da ofis. Na kuma ga waɗansu da yawa da ba su taɓa shiga ƙofar ba sai da faranti a ka, suna tallan gyaɗa da rake. Tsakanin gidajensu da babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim bai fi tafiyar rabin sa'a da ƙafa ba, amma a wurinsu da shi da Makka nisa ɗaya. Na leƙa wata firamare a wata unguwa, na ga yara sun fi ɗari a aji guda, zaune a ƙasa, malami ɗaya yana ta fama. Na tambayi ɗan leburan nan me ya raba shi da abokan wasansa. Ya ce ba kome ba ne sai wani malaminsu na aji uku da ya tsaya a kansa har ya iya karatu sosai, da uban da ya hana shi talla. Ashe kusa da jami'a ba ya sa mutum jami'a, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu sai mu komo gida. Ɗan'uwanmu na Gummi yana da gaskiya a wuri guda, ba ni kuwa ƙwace masa ita. In ka duba manyan makarantun jihar nan, ga kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda tun 1983, ga ta horon malamai a Maru, ga na Talatar Mafara, ga ta aikin gona a Bakura, ga ta kiwon lafiya a Tsafe, ga jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, za ka ga yawancinsu sun bi babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ne ko gabas da ita. Mu da ke bin gulbin Zamfara ya yi yamma, daga Anka zuwa Gummi, rabonmu kaɗan ne, ga shi kuwa mun haura rabin miliyan tun a waccan ƙidaya. Wannan abin faɗa ne, a kuma ci gaba da faɗa.

Amma ina so ya amsa mini tambaya biyu. Ta fari, in an gina, 'ya'yan wa za su shiga? Ai ba a bar mu hannu wofi ba, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwalejinta ta sakandare ta jihar nan a garin Anka. To, a 2018 jaridu su ka buga cewa yaran da aka rubuta daga jihar Zamfara duka don jarrabawar shiga irin waɗannan kwalejoji 28 ne, alhali na Ikko sun wuce dubu ashirin. Ashirin da takwas, jama'a, ko aji ɗaya ba su cika ba! Na ji kunya ran da na karanta, har na ninke jaridar na sa ƙarƙashin tabarma. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne da aka tashi tsaye, a 2021 sun haura dubu huɗu. Watau yaran suna nan, mai rubuta su ne dā babu. In mu ka sami jami'a alhali firamarenmu na yadda ta ke, baƙi za su cika azuzuwa, namu su yi gadi da acaɓa da tallan rake, sa'an nan mu koma muna jin haushin baƙi, su kuwa ba su yi mana laifin kome ba.

Ta biyu, wane malami zai ɗauko iyalinsa ya zo inda ba ya barci da ido biyu rufe? Ba mu manta ba, ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Cikin Agustan shekarar aka shiga kwalejin Bakura, a Satumba kuma bayan an ɗebi yara a ƙasar Maradun aka rufe makarantun jiha. Ga mutanen ƙauyuka da su ka gudo cikin garin Anka da 'ya'yansu, waɗansu yaran sun shekara nawa ba su ga allo ba, na boko ko na Muhammadiyya. Samaru ta yi girma ne don Bature da Bayarabe da Babarbare sun kwana cikinta lafiya, sun wayi gari sun tafi aiki.

Ni dai in an tambaye ni abin da za mu roƙa, sai in ce mu roƙi irin abin da Samaru ta fara da shi, watau makarantar da ta tsiro daga sana'ar mutanen wurin. Ga fadamun Gummi, ga shanu, ga auduga. Ƙaramar gonar gwaji da malamai biyar da su ka san aikinsu za ta amfani manomi tun shekarar farko, ko ɗansa bai shiga aji ba. Ga kuma zinariya. A 2010 gubar darma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Abare da Dareta da 'Yargalma, don ana daka dutse a cikin gida inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san akwai dafi a ƙurar. Sai da likitoci su ka zo daga waje kana aka gane. Da akwai wurin da a ke koya wa samarinmu sanin duwatsu, da yadda a ke wanke su nesa da gida da rijiya, da uwaye da yawa ba su yi kuka ba. Samarin nan ko an hana su haƙa za su yi, gara su haƙa da sani. Irin wannan makaranta ko an yi hutu ba ta kashe gari, don gari bai bar gonarsa ya koma jiran kuɗin haya ba.

Na san waɗansu za su ce na cika ƙanƙantar da buri, wasu na roƙon doki ni ina roƙon akuya. Ban ƙi doki ba, ina tambayar inda turke ya ke ne da wanda zai yanko ciyawa.

Ina da roƙo guda wurin masu karatu na ƙasashen nan uku, musamman malaman makaranta da limamai da masu unguwanni. Kowa ya ɗauki takarda ya tafi firamaren garinsu ran Talata ko Laraba da hantsi, kada ya tafi ran kasuwa. Ya ƙidaya yaran da ya tarar a zaune, maza nawa mata nawa, kada ya kwafo na cikin rajista. Ya ƙidaya malaman da ya gani da idonsa, da azuzuwan da ke da rufi. In makarantar a rufe ta ke, ya rubuta tun yaushe. Ya aiko wa Edita, ba sai ya sa sunan kowa ba, sunan gari ya isa. Ni na riga na yi na unguwarmu, zan kuwa kawo shi mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da duk wanda ya iso kafin nan. Ɗan'uwanmu na Gummi kuma ina jiran nasa, ya haɗo da amsar tambayoyin nan biyu.

Haza wasalam.

Naku,
Bazamfare, Anka.